Giyabos Ya Tsaya Bayan Sayen Mota: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Bayan inji, babu abin da ke cin kuɗi a jikin mota kamar giyabos, a wasu motocin ma ya fi injin tsada. Ga shi kuma ya iya zaɓen lokaci. An biya kuɗin mota, an sallami dillali, an yi takardu da lamba, an sauya tayoyi, 'yan uwa da abokan arziki sun sa albarka, aljihu ya koma fayau. Mako biyu ko uku sai mota ta fara nawa wajen shiga giya da safe. Daga nan ta fara fizga idan za ta canza. Wata rana a tsakiyar titi ka taka totur, inji ya yi ta ruri, mota kuwa ko gezau. Bakaniken farko da ya leƙa zai girgiza kai ya ce, "Alhaji, giya ta tafi, sai dai a ɗora beljiyom."

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Sai dai wannan hukunci ne da ya kamata ya zo bayan bincike, ba a bakin titi ba. Wanda ya yi gaggawar sayo wani giyabos yana iya yin asara ta fuska uku. Wataƙila nasa bai mutu ba tun farko. Wataƙila abin da ya kashe shi yana nan a jikin motar, zai kuma kashe sabon. Sannan da zarar an kwance an watsar da tsohon, hujjar da zai tunkari wanda ya sayar masa da ita ta tafi.

Me ya sa sai bayan an saya?

Giyabos na otomatik ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba. Yakan yi watanni yana ba da alama, kuma alamar tana da lokutanta: da sanyin safiya kafin mai ya ɗumama, ko bayan doguwar tafiya idan ya ɗau zafi sosai. Gwajin da aka saba yi a wurin dila, wato zagaye ɗaya na 'yan mintoci a motar da aka riga aka tayar tun kafin ka iso, ba ya kama ko ɗaya daga cikin biyun. Akwai kuma sinadaran da ake zubawa a man giya su ɗan kumbura robobin ciki, su ɓoye santsi na wani lokaci. Wutar gargaɗi ta dashbod ma da ƙaramar na'ura ake goge ta cikin daƙiƙa kaɗan. Wanda ya ji motarsa ta fara ciwo ya yanke shawarar rabuwa da ita ya san duk waɗannan.

Amma ba kowane mai sayarwa ne macuci ba. Da yawa daga cikin motocin da ake shigo da su daga Amurka a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA ake sayo su, inda kamfanonin inshora ke karyar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Dilan da ya shigo da ita wataƙila shi kansa bai taɓa tuƙa ta tafiyar kirki ba. Motar da ta tsufa a ƙasar sanyi, aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Legas, direba ya kamo hanya da ita kimanin kilomita 1,000 zuwa Kano ba hutu, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, duk wani rauni da ke ɓoye a cikinta sai ya bayyana. Tun faɗuwar darajar naira a 2023 kuma beljiyom ta gagari mutane da yawa, aka koma kan motocin hannu na gida, waɗanda sun ga lodi, sun ga rairayi, sun ga bakanikai iri-iri. Ruwa ma ba sai na ƙetare ba. Bayan ambaliyar Maiduguri ta watan Satumbar 2024, duk mai sayen motar hannu ya kamata ya riƙa tambayar inda ta zauna, domin ruwa kaɗan in ya shiga man giya yana narkar da gam ɗin da ke riƙe da fayiba, kuma ɓarnar ba ta fitowa nan take.

Dalili na uku, wanda ba a cika son ji ba, shi ne sabon mai motar da kansa. Al'ada ce mai kyau a kai sabuwar mota sabis. Matsalar ita ce a gareji da yawa duk jan mai man giya ne. Ba haka abin yake ba. Toyota tana da T-IV na tsofaffin motocinta, tana da WS na waɗanda suka biyo baya. Honda tana da DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Giyar CVT ta Nissan NS-2 ko NS-3 take sha, in aka zuba mata man giya na gama-gari, to kwananta ya kusa ƙarewa. Ga kuma jabun mai da ya cika kasuwa a cikin galan mai kama da na asali. Kafin ka zargi kowa, tuna abin da aka zuba wa motar tun da ta zo hannunka.

Domin a fahimci sauran bayanin, ga yadda abin yake a taƙaice. A giyar manuwal ƙafarka da hannunka ne ke aiki, mai kuwa santsi kawai yake bayarwa. A otomatik man ne ke yin aikin. Famfo yana tura shi da ƙarfi, birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, yana ba solonoyid umarni su buɗe masa hanya ko su rufe, ƙarfin man ya matse faya-fayan da makanikai ke kira fayiba, giya ta shiga. Shi ne kuma ke ɗaukar ƙarfin inji ta cikin kwanbata, shi ne ke kwashe zafi ya kai lagireto a sanyaya shi. Saboda haka in mai ya yi ƙasa, ko ya ƙone, ko ba irinsa ba ne, ko umarnin birenbos bai isa daidai ba, fayiba za ta riƙa zamewa maimakon ta kama. Zamewa tana haifar da zafi, zafi ya ƙona mai, ƙonannen mai ya ƙara zamewa. Haka ƙaramar matsala ke zama babba cikin 'yan kwanaki in an ci gaba da tuƙi.

Ranar da abin ya faru

Ka tsaya. Lallaɓa ta zuwa gida da ake yi, ana taka totur tana ja da ƙyar, shi ke mayar da gyaran solonoyid ya koma sayen giyabos. Kada kuma a ɗaura mata igiya a ja ta kamar yadda ake wa manuwal. Famfon man giya da inji yake juyawa. In inji a kashe yake tayoyi na juyawa, ƙarafan ciki suna gogar juna ne babu mai. A nemi janwe da zai ɗauke ta gaba ɗaya, ko aƙalla ya ɗaga tayoyin da ke jan motar. Kuɗin janwe yana da ciwo a wannan lokaci, amma ba a haɗa shi da kuɗin giyabos.

Sannan ka fito da wayarka. Ɗauki bidiyon dashbod yana nuna kilomita da wutar da ta kama, da yadda inji ke ruri mota ba ta tafiya. Ka tattara rasit, da yarjejeniyar ciniki in akwai, da saƙonnin da kuka yi da dillali, musamman muryar da ya aiko yana cewa "inji da giya lafiya lau, ba abin da za ka taɓa." A ranar ka sanar da wanda ya sayar maka, a rubuce ko da saƙon murya, ba kiran waya kaɗai ba. Kuma kada ka bari kowa ya kwance ƙusa ɗaya a jikin giyabos kafin a ba shi dama ya zo ko ya turo bakanikensa ya gani. Amsar da ke bakin kowane dila ita ce, "Ai bakanikenka ne ya lalata ta." Kada ka ba shi wannan ƙofa.

Abin da za ka iya dubawa ba tare da kwance komai ba shi ne mai. A yawancin motoci ana auna shi ne a shimfiɗaɗɗen wuri, inji na aiki kuma ya ɗumama, giya na fakin. Honda ta bambanta: kashe inji ake yi a auna nan da nan. Motoci da yawa na baya-bayan nan ba su da gejin auna man ma sam, sai a gareji. A ɗiga man a kan farar takarda. Ja mai haske lafiya ne, ruwan ƙasa ya tsufa, baƙi mai ƙaurin ƙuna yana nufin fayiba ta ƙone. In kuwa ya yi kauri ya koma kalar madarar da aka zuba wa ɗan ja, ruwa ya shiga. A lura dai, wasu mayukan CVT kore ne launinsu tun asali, kada a tsorata.

A sa mata kwamfuta kafin a sa mata sifana

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin da ake jona na'urar gwaji, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Kuɗin gwajin ba ya kai ko kusa da na galan ɗaya na man giya mai kyau, amma mutane sukan tsallake shi. Ka nemi mai babbar na'ura da ke iya karanta ɓangaren giya, ba 'yar ƙaramar da inji kaɗai take gani ba. Lambobin da suka fara da P07 yawanci na giya ne. P0700 cewa kawai take yi akwai ƙorafi a ɓangaren giya, ba ta faɗi ko mene ne ba. P0715 da P0720 na sensar gudu ne, abin da galibi ake sauyawa daga waje. Daga P0750 zuwa sama akwai na solonoyid da dama. Wadda ke sa gaban mutum ya faɗi ita ce irin P0730, mai nuna giya na zamewa, ko da yake ita ma ƙarancin mai yana iya kawo ta.

Ka gargaɗi mai gwajin tun kafin ya fara: kada ya goge komai sai an ɗauki hoto. Akwai wani bayani da motoci da yawa ke ajiyewa wanda ba kowa ya san da shi ba, wato nisan da mota ta yi tun ranar ƙarshe da aka goge mata lambobin matsala. In ka yi kilomita 400 da motar, na'ura kuma ta nuna an goge kilomita 420 da suka wuce, to kana da tambayar da za ka yi wa dila. Ba hujja ce yankakkiya ba, domin cire kan batir ma yana mayar da lissafin farko, amma idan ta haɗu da ƙonannen mai tana da nauyi a wurin sulhu.

Abubuwan da ke kwaikwayon mutuwar giyabos suna da yawa, kuma a nan ne ake ceton kuɗi. Idan birenbos ya ga abin da bai gane ba, yakan kulle mota a giya ɗaya, galibi ta uku, don kare ta. Mota za ta yi nauyin tashi, ta ƙi canzawa, mai ita ya ɗauka ta mutu, alhali sensa ce ko wayar da ɓera ya ci. Masu Peugeot 406 da 307 na otomatik sun san wannan: giyarsu ta AL4 ta yi suna wajen buga ƙara ta maƙale a giya ta uku, kuma sau da yawa solonoyid biyu masu daidaita ƙarfin mai ne ke jawo hakan. A Honda harafin D ne ke ƙyaftawa a dashbod. Batir mai rauni ko altanetar da ba ta caji sosai suna rikita giya. Fulogi ko kwayil da ya mutu yana sa kakkarwar da ake ɗora wa giya laifinta. Injin sit da ya fashe yana sa bugu idan an sa ribas. Shaf da ya karye kuwa yana ba da alamar da ta fi kowacce kama da mutuwar giya, inji na ruri mota a tsaye. Bambancin shi ne za ka ga allurar gudu tana hawa alhali ba a motsa ba. Wani lokaci ma robar wayar da ta haɗa hannun giya da giyabos ce ta cinye, kana sa D umarnin ba ya isa.

Akwai kuma motocin da ciwonsu sananne ne, ba sai an yi dogon nazari ba. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 birenbos ɗinta ne ke lalacewa ya riƙa ba giya umarnin banza har ya kashe ta, abin da ya sa Toyota ta tsawaita garanti a kansa a Amurka. Wanda ya ɗora wani giyabos bai gyara birenbos ba, zai sake saye. Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 lagiretonsu ne ke fashewa ta ciki ruwa ya gauraya da man giya. A 2004 Honda ta yi wa motoci sama da miliyan 1 kiranye, ciki har da Odyssey da Pilot da Accord mai silinda shida, saboda giya ta biyu da ke ɗaukar zafi. Nissan ta ninka garantin giyar CVT na motocin 2003 zuwa 2010 zuwa shekara 10. Ford Focus ta 2012 zuwa 2016 kuwa giyarta mai kuloci biyu har kotu ta kai kamfanin a Amurka. Waɗancan garantin duk sun ƙare, kuma dama ba su biyo motar zuwa nan ba, amma sanin tarihin yana nuna wa bakanike inda zai fara dubawa.

In duk an duba waɗannan ba a ga komai ba, sai a sauke farantin ƙasan giyabos, a gaban wakilin mai sayarwa in zai yiwu. Akwai maganaɗisu a ciki. Laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, tsufa ne. Baƙin gari mai yawa fayiba ce ta ƙare. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da ake ji a yatsa kuwa, magana ta ƙare. A nan ma akwai shaida: sabon jan mai a sama, tulin datti a ƙasa, da ɗanyen gam a bakin faranti, alama ce an shiga wurin ba da daɗewa ba.

Wa zai biya?

A kasuwar mota ana yawan cewa in ka fita da ita daga gareji ta zama taka. Wannan al'adar 'yan kasuwa ce, ba ita ce doka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci daga ɗan kasuwa, da damar mayar da shi in ya gaza. Ana iya kai ƙorafi can, ko ga hukumar kare masu saye ta jiha a inda take, kamar Kano, ko a kotun ƙananan basussuka da wasu jihohi suka kafa. Dokar ta fi ƙarfi a kan dilan da sana'arsa ke nan. In daga hannun maƙwabci ko abokin aiki ka saya, abin da kuka rubuta da abin da ya faɗa a gaban shaidu su ne madogara. Kuma gaskiya ita ce tsohuwar mota tsohuwa ce, babu alƙalin da zai auna ta da ma'aunin sabuwa. Abin da ake nema a tabbatar shi ne ciwon ya riga ciniki.

Fiƙihun Malikiyya ma a kan wannan gaɓa ya tsaya. Aibin da yake ɓoyayye, wanda ya riga ciniki kuma yake rage darajar kaya, yana ba mai saye zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya san aibin ya ɓoye, cewar "na sayar a yadda take" ba ta wanke shi. Amma akwai sharaɗin da ya shafi mai saye: in ya ga aibin ya yi shiru ya ci gaba da amfani da kayan, ana iya ɗaukar hakan a matsayin ya yarda. Wani dalili ke nan na ajiye motar da yin magana da wuri. Bayanin filla-filla, musamman in an riga an taɓa motar, sai a nemi malami ko alƙali.

A zahiri dai yawancin irin wannan rigima a sulhu take ƙarewa. A nemi dillalin da ya ci la'ada, domin shi ma da mutuncinsa a ciki, a haɗa da shugabannin 'yan kasuwar wurin. Dila ba ya son mayar da kuɗi, ya riga ya juya su, amma sau da yawa yakan yarda ya sayo giyabos kai ka biya aiki da mai, ko a raba biyu, ko ya sauya maka wata motar ka yi ciko. A ganina, in an samu rabi cikin mako guda ya fi a yi shekara ana zaryar kotu mota na ajiye rana na cin fentinta. Duk abin da aka amince a rubuta, da ranar cikawa, shaidu su sa hannu.

In gyaran ya dawo kanka

Lissafin da ya kamata ka yi ba na abin da ka riga ka kashe ba ne, wannan ya wuce. A ce, misali, motar in lafiyarta ƙalau za ta yi naira miliyan 6, a yadda take an taya miliyan 4 da rabi, gyara kuma zai ci dubu 900. Gyaran ya fi. In kuwa inji ma yana shan mai, ƙasa ta ruɓe, ga alamar ruwa ya taɓa cin ta, to giyabos somin taɓi ne, gara a rabu da ita a faɗa wa mai saye abin da ke damunta, a sayar a farashin mai ciwo.

Hanyar da aka fi bi ita ce ɗora na beljiyom, daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko a aika Ladipo a Legas. Shi ma tsoho ne, ba wanda ya san tafiyar da ya yi, kuma akwai masu wanke na gida da ya gaji su jera shi cikin na beljiyom. Kada a yi cinikin biri a sama: ka je da bakanikenka, a buɗe faranti a gabanka, a duba mai da maganaɗisu, a duba ko kawunan ƙusoshi sun sha sifana. Sunan mota da shekara ba su isa ba. Camry ta 2002 zuwa 2006 jiki ɗaya ne, amma mai silinda huɗu ta farkon zubin giya huɗu gare ta, daga 2005 aka koma biyar. A gwada lambar da ke jikin giyabos da yawan fil na soket, a kuma karɓo shi da kwanbatarsa. Garantin da 'yan kasuwa ke bayarwa gajere ne, saboda haka a rubuta a rasit cewa daga ranar da aka ɗora zai fara, ba ranar saye ba, a kuma fayyace ko canji za a yi ko mayar da kuɗi in bai yi ba.

Buɗe naka a sake masa fayiba da robobi da filta hanya ce mai kyau in ƙarafan ciki ba su ci ba, wani lokaci ma ta fi beljiyom, tunda ka san abin da ke ciki. Sai dai aiki ne na gwani, kuma gwanayen ba su da yawa. Ka je ka ga wurin aikinsa. In a ƙasa yake baje kayan giya, ƙurar hunturu na sauka a kai, ɗauki motarka ka yi gaba, domin ƙwayar rairayi ɗaya tana iya maƙale bawul. Tambaye shi motoci irin taka nawa ya yi, ka nemi jin ta bakin masu su. CVT kuwa masu iya buɗe ta sun fi ƙaranci, kayanta ma ba ko'ina ake samu ba.

Wasu kan ce a mayar da ita manuwal a huta. Ga motar haya mai zaryar ƙauye yana iya zama dabara, amma aikin ya haɗa da fedar kuloci da fulawil da wayoyi da birenbos, in ba a yi shi da kyau ba wutar gargaɗi ba za ta sake mutuwa ba, kuma ranar sayarwa sai an karya mata kuɗi.

Ko wacce hanya aka bi, ranar ɗorawa ka kasance a wurin. A wanke bututan mai da ɓangaren lagireto da ke sanyaya shi, ko a sauya, domin dattin tsohon giyabos yana nan a maƙale yana jiran sabon. In ruwa ne ya shiga, lagireton gaba ɗaya za a canza. A tabbatar kwanbata ta zauna daram kafin a ɗaure, in ba haka ba famfo zai fashe a tashin farko. A sa sababbin oyilsil tun giyabos yana ƙasa. Man kuwa kai da kanka za ka sayo, irin wanda littafin motar ko kan geji ya ambata, daga wurin da ka amince da shi, a buɗe galan a gabanka. In motar tana yawan ɗaukar zafi, a gyara wannan tukuna, a daina zuba wa lagireto ruwan rijiya zalla, shi ke sa tsatsar da ke huda shi ta ciki.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa ba a canza man giya, wai in an canza giya za ta mutu. Asalinta shi ne giyar da ta riga ta ƙare wani lokaci dattin da ke cikin tsohon mai ne ke ɗan riƙe ta, in an zubar sai ciwon ya fito fili. Lafiyayyen giyabos yana son sabon mai, balle a zafi irin namu. A riƙa tsiyaye na faranti a cika da sabo, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke fita a kowane karo, ba wankin inji mai turawa da ƙarfi ba. A daina sakin mota a firi a gangara don tsimin fetur, a daina sa ribas kafin ta tsaya cak, in ta kafe a rairayi kuma a nemi masu turi maimakon a yi ta wurga ta gaba da baya.

Kwanakin garantin giyabos ɗin da aka ɗora kuma ba na ajiye mota ba ne. Ka tuƙa ta kullum: da sassafe tana sanyi, cikin cunkoson rana, sannan a babbar hanya inda za ta shiga duk giyoyinta ta yi zafi sosai. Kowace safiya ka leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigon ja. Kwana ɗaya ko biyu kafin wa'adin ya cika a sake sa mata kwamfuta a auna mai. Tsohon giyabos ɗin kuma kada ka bar shi a gareji. Naka ne, yana da kuɗi a wurin masu kayan gyara, kuma in maganarku da dila ba ta mutu ba, shi za a nema a gani.